Yadda Ake Kafa Ajin Koya wa Yara Shirya Manhaja da Tubalan Umarni a Zangon Kumasi, Ya Kuma Ɗore

Tun shekarar 2019 da aka fara aiki da sabon tsarin karatun firamare a Ghana, darasin kwamfuta ya zama fanni mai zaman kansa daga aji huɗu, amma wanda ya san unguwannin Aboabo, Asawase da Sabon Zango ya san cewa akwai yara da yawa da ke haddace sassan kwamfuta daga littafi ba tare da sun taɓa ba ta umarni ko sau ɗaya ba. Hanya mafi sauƙi ta cike wannan giɓi ita ce manhajojin da ake koyar da yara da tubalan umarni, inda yaro ke jawo ƙananan tubala masu launi, kowanne ɗauke da umarni guda, ya jera su a kan juna, kwamfuta kuma ta aikata abin da ya jera. Buɗe irin wannan aji ba shi da wuya. Abin da ke da wuya shi ne ya kai shekara uku ko biyar yana aiki, domin manhajoji suna sauya hannu, kamfanoni suna janye jiki, kwamfutoci suna tsufa, malamai kuma suna tashi. Matakan da ke biye an tsara su ne domin aji ya tsaya da ƙafarsa duk yadda waɗannan abubuwa suka juya.

Mataki na farko: a san wanda ke riƙe da manhajar kafin a zaɓe ta

Akwai bambanci tsakanin manhajar da ake bayarwa kyauta da manhaja mai buɗaɗɗen tushe. Ta farko mai ita yana iya sa mata kuɗi ko ya rufe ta gobe, babu mai ce masa don me. Ta biyu kuwa an wallafa ainihin rubutun da aka gina ta da shi, tare da lasisin da ya halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya kuma rarraba, saboda haka ko mai ita ya gaji wani yana iya ɗauka ya ci gaba. Tarihin waɗannan kayan aiki ya nuna hakan a fili. App Inventor, wadda ake shirya manhajojin waya da ita, a kamfanin Google aka fara ta a 2010, kamfanin ya daina kula da ita a 2011, amma da yake ya saki tushenta sai jami'ar MIT ta Amurka ta karɓe ta, kuma har yau ana aiki da ita. Scratch, wadda ƙungiyar Mitchel Resnick ta fitar a MIT a 2007, zubinta na biyu a kan fasahar Flash ta kamfanin Adobe aka gina shi, kuma Flash ba buɗaɗɗiya ba ce. Da aka ga za a kashe ta a ƙarshen 2020, dole aka sake gina Scratch daga tushe, aka fitar da zubi na uku a watan Janairun 2019. Wannan zubi na uku ya dogara ne a kan Blockly, wato kayan aikin da masu gina manhaja ke ƙera tubalan umarni da su, wadda Google ya fitar a 2012, kuma ita ce ginshiƙin da App Inventor da MakeCode ta Microsoft su ma suka zauna a kai. A ƙarshen 2025 kula da Blockly ya koma hannun gidauniyar Raspberry Pi ta Ingila, wadda dama ita ke tafiyar da kulab-kulab ɗin koya wa yara shirya manhaja masu suna Code Club.

Abin da malami zai ɗauka daga wannan tarihi shi ne cewa sauyin hannu ba abin tsoro ba ne muddin tushen a buɗe yake, kuma shi ne yanayin da ya kamata a sa ran zai ci gaba da faruwa. Don haka kafin a amince da kowace manhaja a yi mata tambayoyi uku: shin tana aiki ba tare da intanet ba, shin ana iya ajiye aikin yaro a matsayin fayil a kan kwamfutar aji, shin kuma akwai wata manhajar dabam da za ta iya buɗe wannan fayil. Scratch ta cika ukun duka, shi ya sa nake ganin da ita ya dace a fara ga yara masu shekara 8 zuwa 16, ƙanana kuma masu shekara 5 zuwa 7 a ba su ScratchJr a kan tablet. Idan wani ya zo da tayin wata manhaja mai ƙyalli wadda ba ta buɗuwa sai an shiga da asusu a shafin kamfani, a yi masa godiya, amma kada a gina aji a kanta.

Mataki na biyu: kwamfutoci da wuta

Ba a buƙatar sababbin kwamfutoci. Laftof na hannu irin waɗanda ake sayarwa a Adum sun wadatar, kuma sun fi kwamfutar tebur dacewa da mu saboda dalili ɗaya tak, wato batiri: idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar darasi, kwamfutar tebur tana mutuwa nan take da aikin yaro, laftof kuwa yana ba da damar a ajiye aiki. Lokacin saye a cire caja a gaban mai sayarwa a ga tsawon lokacin da batirin zai riƙe, a kuma sayi linzamin kwamfuta na waje ga kowanne, domin jan tubali da yatsa a kan shafaffen wurin laftof yana gajiyar da ƙananan hannuwa.

A sauke manhajar Scratch ta kwamfuta sau ɗaya daga shafinta na asali, a zuba ta a filas, a girka ta a kan sauran daga nan, kada a ɓata data ana saukewa ɗaya bayan ɗaya. Tana buƙatar Windows 10 ko sabo. Kwamfutar da ta tsufa har ba ta ɗaukar wannan, kada a jefar da ita. A sa mata Linux, misali Linux Mint, sannan a girka TurboWarp, wadda wasu masu sa kai suka gina daga tushen Scratch, take buɗe fayilolinta kai tsaye, take kuma tafiyar da su da sauri. Wannan shawara ta ƙara nauyi tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoban 2025. Bayan an gama girkawa a kashe intanet, a buɗe manhajar a kan kowace kwamfuta a tabbatar tana aiki, tun kafin ranar da yara za su zo.

Mataki na uku: lokaci, zama da yardar iyaye

Yaran Zango karatu biyu suke yi, na boko daga Litinin zuwa Juma'a, na makarantar Islamiyya kuma da yamma ko a ranakun Asabar da Lahadi, saboda haka duk ajin da ya ci karo da lokacin makaranta ba zai yi nisa ba. A zauna da malamin makarantar da iyaye tun farko a tsayar da lokaci tare, a kuma gayyace su su ga darasi ɗaya da idonsu, domin wanda ya hango kyanwar Scratch, wadda yara ke ba umarni, tana tsalle a fuskar kwamfuta daga bakin ƙofa zai ɗauka wasa ake yi. Awa ɗaya da rabi sau ɗaya a mako ya isa. A zaunar da yara biyu a kan kwamfuta ɗaya, ɗaya yana riƙe da linzami ɗaya yana faɗin abin da za a yi, a riƙa musanya su duk bayan minti goma da agogo. Wannan ƙa'ida ba ta da sassauci, musamman inda aka haɗa yaya da ƙanwarsa, domin idan aka bar su haka nan linzamin a hannun babba zai kwana.

Mataki na huɗu: darussan farko

A ranar farko kada a yi dogon bayani. A nuna wa yara sassa uku na fuskar Scratch: jerin tubala a hagu, filin da ake jera su a tsakiya, da dandalin da kyanwa ke tsaye a dama. A danna alamar duniya da ke sama a zaɓi harshe. Hausa na cikin jerin, kuma yana da kyau a fara da ita ga ƙanana, sannan a riƙa komawa Turanci lokaci-lokaci tun da da shi za su rubuta jarrabawa. Daga nan a ce kowa ya jawo shuɗin tubalin tafiya taku 10 ya danna shi, ya sauya lambar zuwa 100 ya sake dannawa, ya sa alamar ragi a gaban lambar ya ga kyanwa ta koma da baya. Sai a ɗora tubalin koriyar tuta a samansa, domin su gane cewa akwai abin da ke tayar da umarni.

Darasin da na fi so a tsaya a kansa shi ne zanen murabba'i. A danna maɓallin da ke ƙasa ta hagu a ƙara tubalan alƙalami, waɗanda ba sa buƙatar intanet. A sa kyanwa ta sauke alƙalami, ta yi taku 100, ta juya digiri 90, a bar yara su jera waɗannan umarni biyu sau huɗu da hannunsu, tubala takwas ke nan. Kada malami ya yi gaggawar nuna musu gajeriyar hanya. Sai sun gaji da jan tubali iri ɗaya sannan a fito da tubalin maimaitawa, a sa biyun a cikinsa, a rubuta 4, su ga zanen ya fito daidai da tubala kaɗan. Yaron da ya sha wahalar takwas ɗin ba zai manta amfanin maimaitawa ba. Bayan haka a ce su zana alwatika. Kusan dukkansu 60 za su rubuta, domin an koya musu cewa kowace kusurwar alwatika mai daidaitattun gefuna digiri 60 ce, sai zanen ya fito a buɗe bai haɗu ba. A nan ne za a ji murya daga baya tana cewa, "Malam, tawa ta ƙi rufewa." Amsar da ta dace ita ce, "Tashi ka zama kyanwar, ka taka a kan tabarma mu ga inda za ka juya." Idan yaron ya taka da ƙafarsa zai ji a jikinsa cewa juyawar ta fi 60 nesa ba kusa ba, kuma da ɗan taimako zai gano 120, ya kuma gano cewa jimillar juyawa a kowane rufaffen zane irin wannan 360 ce, a raba ta da yawan gefuna. Daga nan shi da kansa zai nemi mai gefe biyar da digiri 72, da mai gefe shida da digiri 60.

Abin da ake so ya zauna a kan yara a watannin farko guda biyar ne: jerin umarni bi da bi, maimaitawa, sharaɗi, ma'ajiyar da ke riƙe lamba ko kalma, da abin da ke tayar da aiki. Waɗannan ba mallakar Scratch ba ne, suna nan a kowane harshen kwamfuta. Yaron shago da ya iya awo da yanka zai yi ɗinki a kan kowane keke aka ba shi, wanda kuwa keken maigidansa kaɗai ya sani zai tsaya ranar da aka sauya keken. Saboda haka malami ya riƙa kiran dabarar da sunanta a kowane darasi, kada ya tsaya ga cewa "jawo mai ruwan goro".

Mataki na biyar: aiki daga cikin unguwa

Da zarar sun iya waɗannan, a ba su aikin da suka san kansa da gindinsa. Misali mai kyau shi ne trotro, wato motar haya, da ke tashi daga Kejetia zuwa Aboabo. Wasu su zana motar da titin, wasu su naɗi muryoyinsu suna kiran fasinja kamar yaron mota, da Hausa ko da Twi, domin Scratch tana da wurin naɗar sauti. Dandalin yana da faɗin taku 480 da tsayin 360, tsakiyarsa sifili, don haka motar za ta tashi daga ragi 240 a hagu ta ƙare a 240 a dama, kuma a nan ne lambobin ƙasa da sifili ke fara yi wa yara ma'ana. A ƙirƙiri ma'ajiya mai suna fasinjoji wadda ke ƙaruwa da ɗaya a duk tasha, da sharaɗin cewa idan ta kai yawan kujeru yaron mota ya ce mota ta cika.

Wurin da ake samun darasi mafi tsada shi ne lissafin canji. Yaron mota zai tambayi kuɗin mota, a rubuta 7 misali, ya tambayi nawa aka ba shi, a rubuta 10, ya faɗi canji. Yara da yawa za su tarar yana cewa sifili, su rasa dalili. Dalilin shi ne tubalin amsa abu ɗaya kawai yake riƙewa, amsa ta biyu tana goge ta farko, sai lissafin ya zama 10 a cire 10. Maganin shi ne a zuba kowace amsa a ma'ajiyarta nan take bayan tambaya. Kada malami ya karɓi linzami ya gyara. Ya sa su danna akwatin da ke nuna amsa a kan dandali su kalli yadda lambar ke sauyawa, su faɗi da bakinsu abin da suka gani. Idan sun warware wannan, sai a rubuta 5 a matsayin kuɗin da fasinja ya bayar, canji ya fito ragi 2, a tambaye su abin da yaron mota na gaske zai ce, su ƙara sharaɗin da zai sa ya nemi cikon kuɗinsa.

Mataki na shida: ajiyar aiki

Scratch ta kan kwamfuta ba ta ajiye aiki da kanta, saboda haka a mayar da ajiya al'ada: duk lokacin da aka musanya linzami, sai an ajiye. Kowane yaro ya sami folda da sunansa na farko, kowane fayil kuma ya ɗauki sunan aiki da kwanan wata. A ƙarshen darasi malami ya kwafe komai a filas, a ƙarshen wata kuma ya kwafe filas ɗin a wani wuri da ba cikin ɗakin ba, tare da fayilolin girka manhajojin kansu, domin idan wata rana aka cire tsohon zubi daga intanet ajin yana da nasa. Fayil ɗin Scratch yana ƙarewa da sb3, kuma idan aka sauya ƙarshen zuwa zip aka buɗe za a ga hotuna da sautuka da rubutun umarnin a fili. Yana da kyau a nuna wa manyan yara wannan sau ɗaya, su san cewa aikinsu ba a kulle yake ba. Zubi na uku yana buɗe fayilolin na biyu, amma na biyu ba ya buɗe na uku, don haka kada a cakuɗa zubi biyu a aji ɗaya.

Mataki na bakwai: ƙetarewa daga tubala zuwa rubutu

Bayan kamar shekara guda za a sami yaran da tubala suka fara yi wa kaɗan, kuma wajibi ne a buɗe musu ƙofa ta gaba kafin su gundura. MakeCode ce gadar da ta fi sauƙi, domin tana da maɓalli a sama da ke juya tubalan da yaro ya jera su koma rubutun harshen kwamfuta na JavaScript ko Python, ya sake dannawa su dawo tubala. A sa yaro ya gina maimaitawa da tubali, ya juya ya ga yadda ake rubuta ta, ya sauya lamba ɗaya a rubutun, ya dawo ya ga tubalin ya sauya. Tana aiki da micro:bit, ƙaramin allon lantarki da BBC ta raba wa ɗaliban Birtaniya a 2016, mai ƙananan fitilu 25 da maɓallai biyu, wanda ke gane motsi da zafi. Idan babu kuɗin saye, akwai kwaikwayonsa a gefen fuskar MakeCode, ana iya gwada kusan komai a kansa. Masu sha'awar waya a kai su App Inventor, sai dai a sani ita tana buƙatar intanet. Waɗanda kuma lissafi ke ja, Snap! ta Jens Mönig da Brian Harvey, wadda aka raina a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tana kama da Scratch a ido amma tana kai mutum zurfin da ake koyarwa a jami'a. Ba sai malami ya ƙware a duka ba. Ya zaɓi ɗaya, ya nemi wani ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi (KNUST) ɗan unguwa ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata.

Mataki na takwas: intanet da tsaron yara

Idan za a ɗora ayyuka a shafin Scratch, malami ya buɗe asusun malamai ya ƙirƙira wa yara sunayen da ba nasu na gaskiya ba, ba hoto, ba lambar waya, ba sunan makaranta, kuma da sanin iyaye, domin dokar kare bayanan jama'a ta Ghana ta 2012 ta shafi bayanan yara. A sanar da su cewa duk aikin da aka ɗora kowa yana da izinin kwafa ya gina nasa a kai muddin ya ambaci mai asali, su ma kuma haka ake so su yi da na wasu. Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta umarni da kansu, ra'ayina shi ne a jinkirta su har sai yaro ya iya karanta jerin umarni ya faɗi abin da zai faru kafin a danna tuta, domin wanda bai iya wannan ba ba shi da hanyar gane lokacin da na'ura ta ba shi amsar da ba daidai ba.

Mataki na tara: mayar da gudummawa da shirya magaji

Makomar waɗannan kayan aiki ba ta hannun MIT ko gidauniyar Raspberry Pi kaɗai, domin buɗaɗɗiyar manhaja tana bin buƙatun waɗanda suka yi magana ne. Masu sa kai ne ke fassara Scratch ta shafin Transifex, kuma malamin da ke ganin inda yara ke tuntuɓe da Hausar wani tubali shi ya fi kowa cancantar gyara ta. A ajiye littafi a aji, duk inda yaro ya kasa gane umarni ko manhajar ta tsaya a kan tsohuwar kwamfuta a rubuta, tare da irin kwamfutar da abin da aka danna, sannan a aika wa masu kula da manhajar sau ɗaya a zangon karatu. Masu gina Blockly suna aikin sa a iya jera tubala da madannai kaɗai ba tare da linzami ba, da kuma sa manhajar karanta allo ta furta su, domin yara makafi da masu raunin hannu. Ajin da ke da irin waɗannan yara ya gwada wannan da zarar ya iso manhajar da yake amfani da ita, ya kuma ba da rahoton abin da ya gani.

A cikin ɗaliban shekarar farko a zaɓi biyu, namiji da mace, a fara ba su minti goma sha biyar na kowane darasi su koyar da sababbi. A rubuta tsarin kowane darasi a shafi ɗaya da Hausa, a buga shi a takarda a sa a fayil a cikin ɗakin, tare da kalmomin sirrin kwamfutoci a hannun mutum biyu amintattu. A farkon kowace shekarar karatu kuma a ware rana guda ba tare da yara ba, a sabunta manhajar a kan kwamfuta ɗaya kacal, a buɗe tsofaffin ayyuka goma a kanta a ga ko suna tafiya yadda suke a da. Idan sun tafi, a sabunta sauran; idan ɗaya ya ƙi, a bar ajin a kan tsohon zubi, a aika da fayil ɗin da ya ƙi ga masu kula da manhajar tare da bayanin abin da ya faru.